Farin Yashi a Ƙarƙashin Babur

Warin baƙin mai idan ya taɓa ƙarfe mai zafi, shi ne warin da ba na iya wucewa. Ba don ni mai ƙyanƙyami ce ba. Cikin ƙarnin kifi da hayaƙin banda na girma. Na yi wankan gawa, na kwashe laka daga ɗakin da ambaliya ta yi kwana bakwai a ciki, duk ban toshe hanci ba. Amma yau da safe ɗana ya tayar da babur ɗinsa a ƙofar gida, iska ta kawo min wannan warin, sai na ajiye ludayin koko na tsaya kamar an dasa ni. Ni ba mai yawan magana ba ce. Wannan kuwa zan faɗa maka shi sau ɗaya, ka saurara.

A ƙauye aka haife ni, cikin fadamar kogin Hadejia, inda ƙasa take baƙa kamar bayan tukunya. Da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Da damina ta koma taɓo, ta kama takalmi ta ƙi saki. Hanya ɗaya ce take kai mu gari, ita ce ta kan jingar da aka tara don tare ruwa, ciyawar kachala a dama, gonakin shinkafa a hagu. Da ƙafa, tafiyar rabin yini ce. Da babur kuwa kafin tuwo ya huce an isa.

Mu biyar ne a gidan. Akwai Baba, masunci, mutum mai kaurin yatsu da ƙarancin magana. Akwai Inna. Akwai Kaka, uwar Baba, wadda a ɗakinta nake kwana. Akwai Baffa, ƙanen Baba, saurayi mai bakin tsiya da bai yi aure ba tukuna. Sai ni, 'yar fari. An haifi biyu a bayana, babu wanda ya zauna.

Ka san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu, ko in ce yadda ake yi a da. Uba ba ya kama sunansa, uwa ba ta kamawa. Ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a yabonsa, ba a tsayawa hira da shi. Ina tsaye a gaban Baba zai juya ya ce wa Kaka, "A gaya wa yarinyar nan ta kawo buta." Ni ma ban taɓa fara yi masa magana ba, sai gaisuwa, ita ma a durƙushe, ido a ƙasa. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba, kowane gida haka ake yi. Amma ina yarinya, ban cika sha biyu ba, kuma babu abin da nake so a duniya kamar ya dube ni sau ɗaya ya ce na yi daidai.

A shekarar da nake ba ka labari, Inna tana da ciki. Haihuwarta ta baya da ƙyar ta sha, jini ya kusa tafiya da ita. Ungozomar ƙauyenmu ta duba ta, ta fito ta samu Kaka a bakin murhu, ina zaune ina gyaran wake.

Ta ce, "Wannan cikin ba na gida ba ne. Ranar da ya tashi ku kai ta asibitin gari. Kada ku tsaya jirana."

Bayan sati biyu Baba ya sayar da kwale-kwalensa ya sayo tsohon babur. Mutane suka ce ai kachala ce ta cinye hanyar ruwa, gara ya riƙa kai kifi kasuwa ta tudu. Bai musa ba. Amma mu a gida mun san dalilin babur ɗin. Domin rana ɗaya aka saye shi.

Babur ɗin yana da aibi. Baƙin mai yana zuba ta gefen inji, inda murfin ƙarfe ya haɗu da jiki. Ga shi kuma 'yar sandar da take jikin marfin zuba mai, wadda ake tsomawa a ga ko mai ya ragu, ta karye tun a hannun mai shi na farko. Baba bai damu ba. Mutumin da yake duban fuskar ruwa ya san inda tarwaɗa take, sai ya koma duban ƙasa. Kullum a wuri ɗaya yake ajiye babur ɗin, ƙarƙashin rumfa, kusa da rumbu. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya tsuguna ya dubi tabon da ya kwana a ƙasa. In tabon ƙarami ne, ya ƙara mai kaɗan daga kwalbar da yake ratayewa a jikin rumbu. In babba ne, ya ƙara da yawa. Ƙasar ce ma'auninsa. Shi ya sa ya ce wa Kaka, ina tsaye da tsintsiya a hannu, "A gaya wa yarinyar nan, ko'ina ta share, amma ban da ƙarƙashin babur, sai na gani."

Da damina ta yi nisa, zubar ta ƙaru. Baffa ya sa shi gaba.

"Yaya, ka kai wa bakanike a gari. Babur ɗin nan fitsarin kwance yake yi."

"Bakanike ya riƙe shi kwana uku, in abin ya tashi fa?"

"To kai za ka gyara?"

"Shekara talatin ina toshe kwale-kwale, ruwa bai ci ni ba."

"Kwale-kwale ruwa ne yake shiga, ka gani ka kwashe. Wannan fita yake yi, Yaya."

Kaka ta leƙo daga ɗaki ta ce su rufa mata baki, sun tashi kazarta daga kan ƙwai.

Ranar gyaran, ruwa ya sauka da asuba ya ɗauke, gari ya yi sanyi, ƙasa tana ƙamshi. Baba ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙarƙashin rumfa. Ya jera sifana biyu da ya aro, da wuƙarsa ta fiɗar kifi, da kwanon kananzir, da kwalin sukari, da gwangwanin kwaltar da yake liƙe kwale-kwale da ita. Ya kwance notin ƙasa, man ya zubo cikin tsohon kwano, baƙi, mai kauri. Ya kwance notocin murfin ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan buhu yadda suka fito don kada ya rikita. Da murfin ya ɓalle, sai ga takardar da take tsakaninsa da inji ta ruɓe, ta tsage gida uku. Ya kankare ta da wuƙa a hankali, kamar yana cire ɓawon kifin karfasa. Ya wanke bakin ƙarfen da kananzir har ya yi ƙyalli.

Ba zan ɓoye maka ba, aikin ya yi kyau. Ya shafa mai a bakin murfin, ya kifa shi a kan kwali, ya danna da gwiwa. Da ya ɗaga, sai ga siffar murfin ta fito a kwalin, har da ramukan noti. Ya bi ta da wuƙa ya yanke, ya huda ramukan da ƙusa mai zafi. Sannan ya ɗora gwangwanin kwalta a kan garwashin Inna har ta narke, ya shafa wa kwalin gaba da baya, yadda yake yi wa tsagar katako. A kan ruwa, kwalta ba ta taɓa ba shi kunya ba. Bai san zafin inji yana narkar da ita ba, bai san baƙin mai yana cinye ta ba. Babu wanda ya sani a gidan, sai Baffa da yake zato, shi kuwa an saba da surutunsa.

Da ya zo mayar da notoci, ɗaya ya ƙi kamawa. Na can ƙasa ne, bayan matakin ƙafa, a wani lungu. Haƙoransa sun cinye, sai juyawa yake yi a banza. Baba ya yanko zaren komar kamun kifi zai naɗa masa, amma yatsunsa ba sa shiga wurin. Ya gwada sau uku, notin yana faɗuwa cikin ƙasa. Ina tsugune daga nesa, na yi kamar ina tsince tsakuwa a shinkafa.

Kaka ta ce, "Ga mai ƙananan yatsu can tana kallonka kamar za ta haɗiye ka."

Bai dube ni ba. Ya dai matsa gefe kaɗan, ya bar wuri a kan buhun.

Na zo na durƙusa. Ya ajiye notin da zaren a ƙasa, ba a hannuna ba, na ɗauka. Na naɗa zaren yadda na ga yana yi, na zura hannu cikin lungun, na laluba har na ji ramin, na murɗa. Ya kama. Kafaɗata tana taɓa tasa. Ina jin warin kananzir da kifi da gumi a jikin rigarsa. Tunda na yi wayo ban taɓa kusantarsa haka ba. Ya sa sifana ya ƙarasa ɗaurewa, ya tace man da tsumma ya mayar, ya cika da na kwalba. Ya taka kik, inji ya tashi. Muka zuba ido a ƙasa. Babu ɗigo.

Washegari ya dawo daga masallaci ya tsuguna. Ƙasa a bushe. Ya miƙe, ya karkaɗe hannu, ya ce wa Kaka da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Hannun da ya ɗaura notin nan yana da albarka."

Inna tana bakin murhu, ta rufe baki da gefen mayafi tana murmushi. Ni kuwa na shige bayan rumbu na tsaya. Ran nan ya kai banda kasuwa, ya dawo da ƙullin alewa ya ajiye a tabarmar Kaka ya ce na yara ne. Yaro ɗaya ne a gidan.

Baffa ya zagaya babur ɗin yana shinshinawa. Ya ce, "Kwalta ce fa. Bari ta sha zafin hanya. In ya yi sati bai ɗiga ba, ni zan ɗauki tsintsiya in share gidan nan a gaban mata."

Baba ya ce, "Kaka shaida ce."

Kwana na uku na fito shara, maza suna masallaci, gari ya fara haske. Na leƙa ƙarƙashin babur. Ɗigo uku ne, baƙaƙe, suna sheƙi, daidai saitin lungun da na sa hannu.

Abin da ya zo min shi ne notina ne. Ni ce ban naɗa zaren daidai ba. Yanzu Baba zai dawo ya tsuguna ya gani, Baffa ya yi masa dariya, maganar albarka kuma ta koma inda ta fito. Ban yi dogon tunani ba. Na ɗauki sakaina na kankare wurin, na watsa bayan danga. Ya bar ɗan rami. Na je gindin randar Inna, inda take zuba yashin kogi don ruwa ya yi sanyi, na ɗebo cikin tafi na cike ramin, na daddale, na yayyafa ƙura a kai. Na koma can bakin zaure ina shara kamar ban san komai ba.

Ya dawo ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune, ya fi kullum daɗewa. Sannan ya miƙe ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai taɓa kwalbar mai ba.

Washegari ma haka na yi, da wanda ya biyo baya. Da sati ya cika, Kaka ta fito da tsintsiya ta miƙa wa Baffa. Ya ɗaura zanin Inna a kan wandonsa, ya sunkuya yana shara yana karairaya, yana cewa a yi masa guɗa. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Kaka ta yi dariya har da tari. Inna ta jingina da turmi, ta tallafe cikinta da hannu biyu, hawaye na zuba, tana cewa, "Ka bari don Allah, za ka sa in haihu a nan." Har Baba sai da haƙoransa suka fito. Ban taɓa ganin gidanmu da daɗi kamar ran nan ba. Ni na kawo wannan daɗin da sakaina da yashi, kuma na sani.

Tabon bai tsaya a ɗigo uku ba. Ya zama kamar tafin hannuna, ya zo ya zama kamar murfin kwano. Yashin gindin randa ya fara raguwa, na riƙa ɗebo wani daga bakin kogi in na je ɗiban ruwa. Abin da ban sani ba, wanda yake zuba a hanya lokacin da inji yake da zafi ya fi wanda nake gani nesa ba kusa ba. Na so in faɗa. Amma da wane baki? Ban taɓa fara yi masa magana ba, balle in fara da cewa na yi sati biyu ina ruɗinsa. Na gwada ta wajen Kaka.

Na ce, "Kaka, in mai ya ƙare a babur, me zai faru?"

Ta ce, "Ni na haifi babur? Miƙo min taɓarya."

Baffa ya ce muryar injin ta canza, yana wani kaf-kaf kamar tsoho mai tari. Baba ya ce, "Ƙasa ba ta nuna komai ba." Baffa da ya riga ya sha kunyar tsintsiya bai ƙara ba.

Ranar ta zo da hantsi, a ƙarshen damina, ruwa ya cika har yana lasar leɓen jinga. Inna tana shanya shinkafa a tabarma, sai ta durƙusa ta dafa ƙasa. Na ga jini yana bin ƙafarta. Kaka ta duba sau ɗaya ta ƙwala wa Baba kira. Babu wanda ya ruɗe, don an daɗe da shirya wannan ranar. Baba ya fito da babur, taka ɗaya ya tashi. Aka ɗora Inna a tsakiya, Kaka ta tattare zani ta hau baya ta rungume ta. Ta ce wa Baffa ya biyo su a keke, ya ɗauko ni da ƙunshin zannuwa.

Suna shirin fita Inna ta juyo. Ita ma ba ta kama sunana. Ta ce, "Ke, ki rufe min shinkafar nan kada kaji su ci."

Maganar da ta yi min ke nan ta ƙarshe. Na rufe shinkafar.

Baffa yana tuƙa keke, ina bayansa da ƙunshi a ka. Rana ta ɗaga, ruwa a kowane gefe yana ɗaukar ido, tsuntsayen jan-baki suna tashi daga shinkafa kamar hayaƙi. Mun wuce wata babbar giginya da muke ɗauka rabin hanya, sai warin ya tare mu. Warin nan da na faɗa maka. Shi muka fara ji kafin mu gan su.

Babur yana tsaye a tsakiyar jinga, hayaƙi yana fita daga jikin inji, ƙarfen yana ƙas-ƙas shi kaɗai. Baba yana kan kik da dukan nauyinsa, kik ɗin ya ƙi motsi kamar an kafe shi da dutse. Kaka ta shimfiɗa mayafinta a gefen hanya, Inna tana kwance a kai. Baffa ya yar da keke, ya naɗe hannu da riga ya kwance marfin mai, ya karyo karan kachala ya zura har ƙasa. Ya zaro. Karan a bushe.

Ya ce, "Yaya, babu ko ɗigo. Inji ya buga."

A hankali ya faɗa, babu tsiya a ciki. Baba ya sauka daga kan kik ɗin.

Lokacin babu waya a hannun kowa. Ba ranar kasuwa ba ce, hanya babu kowa. Baffa ya hau keke ya tafi neman taimako. Baba ya ɗauki Inna a baya, ya yi tafiya da ita mai ɗan nisa, ƙafarsa tana nutsewa a taɓo, har ta roƙe shi ya sauke ta. Muka zauna. Na buɗe ƙunshi ina miƙa wa Kaka zannuwa ɗaya bayan ɗaya, tana karɓar farare tana ajiye jajaye, har suka ƙare. Na tsaya na tare wa Inna rana da jikina. Azahar ta wuce a kanmu.

Sai bayan la'asar Baffa ya dawo da mai amalanke daga wani ƙauye. Aka ɗora ta. Shanu ba su san sauri ba, ko an doke su. Muna tafe a gefe, Kaka tana sama ta ɗora kan Inna a cinya. Mun kai inda ake hango rufin kwanon gari, ana jin ƙahon motoci daga kan titi, sai na ga Kaka ta sunkuya, ta daɗe. Ta ɗago, ta ja mayafi ta rufe fuskar.

Ta ce wa mai amalanke, "Juya shanun."

Da ita da abin da yake cikinta aka binne a tudu, don maƙabartarmu tana cikin ruwa. Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda. Ban sani ba ko da an isa asibiti da ta tashi, babu mai iya gaya min. Abin da na sani, babur ɗin da aka sayar da kwale-kwale dominsa ya tsaya a rabin hanya ba mai, kuma na san hannun da ya ɗebo yashi. Baba ya gaya wa duk wanda ya zo cewa shi ya kashe injin da kwaltarsa. Ina jin sa daga ɗakin Kaka, ban fito ba.

Baffa ya turo babur ɗin gida. Aka jingine shi a ƙarƙashin rumfa, tayoyi suka sace, kaji suka riƙa yin ƙwai a gindinsa. Baba bai ƙara taɓa shi ba, bai kuma bari a sayar ba. Ya koma su a kan gora, ya kifa cikinsa a kai yana bin ruwa kamar mai farawa. Baffa ya daina barkwanci. Ni na ci gaba da shara kowace safiya, ina zagaye wurin.

Shekaru suka tafi. Aka yi min aure, na haifi huɗu, mijin ya rasu. Kaka ta rasu. Wata damina ruwa ya fasa jinga ya kwantar da gidanmu, da rumbun da rumfar da babur ɗin duka. Na dawo gefen garin Hadejia ina sayar da koko. Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, na ɗauko shi ya zauna wurina. Ba ya zuwa su, amma kullum da yamma yana zaune a inuwa yana ɗinkin wata tsohuwar koma da lalube.

Wata la'asar na kawo masa ruwa, na durƙusa zan tashi, sai na kasa tashi. Ina da furfura a lokacin.

Na ce, "Baba, babur ɗin nan bai daina ɗiga ba. Ni nake kankarewa ina zuba yashi."

Hannunsa bai tsaya ba. Ya ƙulla ido ɗaya na koma, ya ƙulla na biyu.

Ya ce, "Ƙasar gidanmu baƙa ce. Yashin randa fari ne."

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Tun safiyar farko na gani."

Na ce, "Me ya hana ka magana?"

Ya ajiye komar a cinya. Ya ce, "Na ga 'yata tana rufa min asiri. Daɗi na ji. In na ɗauko kwalba na ƙara mai, na tona ki, na tona kaina a gaban ƙanena. Na ɗauka ɗigo biyu ne kike ɓoyewa. Ban san yawansa ba, don ban tambaye ki ba. Kullum sai in ce gobe."

Ya laluba har hannunsa ya samu kaina. Sai ya kira sunana. Ban taɓa jin sa a bakinsa ba, har na ɗauka da wata yake.

Ya ce, "Ke yarinya ce. Ni ne babba."

Ban yi kuka a kan jinga ba, ban yi a wurin binnewa ba. Ran nan na yi. Shi ma ya yi. Shekara kusan talatin muna gida ɗaya ko gari ɗaya, kowa yana ɗauke da rabin abu guda, tambaya ɗaya ta gagare mu. Bai kai wata daminar ba.

Yanzu an zuba wa hanyar ƙauyenmu jar ƙasa, keke mai ƙafa uku yana shiga har ƙofar gida, kowa da waya a aljihu. Ina ganin samari suna saɓa 'ya'yansu na fari a kafaɗa suna kiran sunansu a tsakiyar kasuwa. Tsofaffi suna cewa kunya ta ƙare. Ni ba na cewa komai. Nawa ɗan farin, tun ranar suna nake kiran sunansa da ƙarfi. Dangin ubansa suka ce ba ni da ta ido. Na bar su suka faɗa.

Shi ne yake achaɓa yanzu. Tsakar gidana siminti ne, amma ban yarda da siminti ba. Ina da wani farin faranti, kowace yamma in ya ajiye babur sai in tura shi ƙarƙashin inji. Yana yi min dariya, yana cewa babur ɗinsa ya fi shi samun tuwo a gidan nan.

Yau da warin ya zo, na je na janyo farantin. Ɗigo ɗaya a tsakiya. Na kashe babur ɗin, na zare makulli na ƙulle a bakin zani. Na kira sunansa, na nuna masa.

Ya ce, "Haba Inna, ɗigo ɗaya ne fa. Fasinja suna jira."

Na ce, "Na gani. Kai ma ka gani. Tura shi wurin bakanike, kada ka tayar."

Ya tafi yana turawa yana gunaguni, har ya sha kwana. Farantin yana nan a bakin ƙofa da ɗigonsa, inda duk mai shigowa zai gani. Ban wanke ba, ban rufe ba.